Ɓeran Rumbu Da Ɓeran Masana

Sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, ina cikin yi wa 'yan aji shida darasin tsabta, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in ƙazanta na kawo cuta, don me ɓeran rumbunmu ba ya mutuwa, ga shi kullum cikin juji yake?" Na ce ya zauna, ma duba gobe. Gaskiya dai ba ni da amsa. Da na komo kwaleji na bincika, ga abin da na samo, ko ya amfani wani ɗan'uwa da za a tare shi da irin wannan tambaya.

Jikin ɓera, kamar na mutum, yana da garkuwa, watau fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Waɗansunsu ba su da mantuwa, in sun yi karo da wata cuta sau ɗaya sun gane ta ke nan. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda da wuya ya sake yinta. Allurar rigakafi ma aikinta ke nan.

To, masana suna kiwon nasu ɓerayen a ɗakunan bincike don gwada magunguna. Cikin akwatuna ake ajiye su, a tace musu iska, a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin abincinsu da ruwansu. Na rumbu kuwa tun yana ɗan jinjiri yake fama da ƙuma da tsutsar ciki.

A 2016 masana na Jami'ar Minnesota a Amurka suka gwada su biyun, suka haɗa har da ɓerayen kanti, gama can ana sayen ɓera a ajiye don sha'awa, kamar yadda muke kiwon tantabara. Suka tarar garkuwar ɓeran ɗakin bincike ta yi kama da ta jariri sabon haihuwa, mayaƙan nan marasa mantuwa kaɗan ne a jikinsa. Ta na daji da na kanti kuwa ta fi kama da ta babban mutum. Sa'an nan suka zuba na ɗakin bincike da na kanti cikin akwati guda. Kafin wata 2, wajen 22 cikin 100 na 'yan gatan nan sun mutu. Amma waɗanda suka rayu garkuwarsu ta sāke, da aka sa musu ƙwayar cutar da ake kira Listeriya, sai suka fi 'yan'uwansu na tsabta ƙarfin kashe ta nesa ba kusa ba.

Kada ku ce maganar ɓeraye ce kawai. A 2006 a birnin Landan an gwada wa mutum 6 wani sabon magani mai suna TGN1412, wanda bai nuna haɗari ga dabbobin gwaji ba. Cikin 'yan sa'o'i garkuwarsu ta harzuƙa ta auka wa jikinsu, da ƙyar aka cece su. A 2019 waɗansu masana a Amurka suka dasa cikin ɓerayen gwaji a mahaifar ɓerayen daji, aka haife su da jinin na gwaji, amma da ƙwayoyin halittun da ke jikin uwayen daji. Da aka ba su irin maganin nan, garkuwarsu ta harzuƙa kamar ta mutanen Landan. A ganina, wanda ya gwada maganin manya a kan ɓeran da bai san wahala ba, rabin labari ya ji.

Da na koma aji, da labarin 22 ɗin nan na fara, don kada yaron ya je gida ya ce Malam ya soke wanke hannu. Na kuma gaya masa ɓeran daji da wuya ya cika shekara, na akwati kuwa yakan wuce 2. Wanda yake gani yana guje-guje cikin rumbu, shi ne ya tsira, sauran bai gan su ba.