Idan Ƙungiya Ta Yi Maguɗi, Ina Laifin Ɗan Wasa?

A gidajen kallon ƙwallo na Bebeji da Tudun Wada, in zancen maguɗi ya taso, sai a rabu gida biyu: masu ɗora laifi kan shugabanni, da masu cewa duk wanda ya sa riga ya shiga fili da hannunsa a ciki. Na biyun sun fi gaskiya, ko da yake ba duka ba.

A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine kuma ta ci abokiyar karawarta 67-0. Da aka tafi hutun rabin lokaci Feeders na da ci 7 kacal. Ke nan ƙwallo 72 suka shiga raga cikin minti 45, kusan ɗaya duk sakan 40. Shugaba na iya kitsa wannan a ofis, amma sai mai tsaron gida ya kauce, sai 'yan baya sun tsaya kallo. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10, ta haramta wa 'yan wasa da jami'ai ƙwallo har abada.

Za a ce yara ne masu neman na abinci, ba su isa su musa wa mai ƙungiya ba. Haka ne, shi ya sa hukuncin ya yi kuɗin goro: wanda ya shirya da wanda aka tursasa ba ɗaya ba ne, kamata ya yi a tantance. Amma tantancewa daban, wankewa daban. A Amurka, ƙungiyar besbol ta Houston Astros ta ci kofi a 2017 tana leƙen alamun yatsu da abokan hamayya ke yi wa mai jifa. Da kyamara ake ɗauka, sannan a buga garwar shara don mai dukan ƙwallo ya san irin jifan da ke tafe. A Janairun 2020 an ci tarar ƙungiyar dala miliyan 5, an dakatar da koci da manaja, amma ba a taɓa ɗan wasa ko ɗaya ba, saboda an yi musu alkawarin kariya in sun faɗi gaskiya. Alhali binciken da hukumar besbol ta yi ya nuna akasari 'yan wasan ne suka tafiyar da abin, kuma ba yunwa ta sa su ba. Da hukuma ta ƙi hukunta su, 'yan kallo suka karɓi aikin, suna yi musu ihu a filayen da suka je baƙunta, kuma ban ga laifinsu ba.