Renon Yaro Mai Amosanin Jini a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Wanda ya san ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Minjibir ya san ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ba a barin fili ya huta. A irin waɗannan gidaje akan sami matar da 'ya'yanta ke mutuwa tun ba a yaye su ba, har a ce tana wabi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa wani kaso na wannan rashi yana da sanadin da aka sani, watau amosanin jini, wanda aka fi kira sikila. Sa'an nan mu bayyana abin da renon irin wannan yaro ya ƙunsa.

2.0 Asalin Cutar

Sikila gadonta ake yi, kuma sai yaro ya gaji irinta daga uwa da uba duka biyu kafin ta bayyana. Wanda ya gaji iri ɗaya kawai, watau mai AS, lafiyarsa ƙalau. Amma idan mai AS ya auri mai AS, to, kowane ciki da aka samu, akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Wannan ba ya nufin ɗa guda cikin kowane huɗu, domin ana iya jera uku masu cutar, ana kuma iya haihuwar shida ba ko ɗaya. Ke nan, ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, kamar yadda dangin miji kan yi, ba shi da tushe.

Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai SS kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini da shawara ke tasowa. Idan kuma laujen ya toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwon ƙashi mai tsanani ya taso.

Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Abin da Alan Fleming da abokan aikinsa suka buga a 1979 ya nuna kimanin biyu cikin ɗari na jarirai masu SS ne, amma da ƙyar a sami wanda ya wuce shekara tara a raye. A wancan zamani, ke nan, cutar ba ta yi kama da mai yawa ba a ƙauye, don masu ita ba sa daɗewa.

3.0 Aikin Iyaye

Jariri kan yi watanninsa na farko lafiya, saboda sauran jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Wajen wata shida sai a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yana ta kuka ba ya son a taɓa shi. A nan ne ya kamata a nemi gwajin jini. Kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga ko a cire beli zubar da jinin da ba shi da shi ne.

Bayan an tabbatar da cutar, reno ya rataya a kan abubuwa huɗu:

(a) Rigakafi. Saifar yaron kan lalace da wuri, don haka ƙwayoyin cuta kan yi saurin kayar da shi. Binciken da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna shan penisilin kullum ya rage mummunan kamuwa da kashi 84 cikin ɗari. A haɗa da allurar rigakafi cikakkiya, da gidan sauro, da maganin kariya daga zazzaɓi da likita ya rubuta, musamman da damina.

(b) Ruwa da sutura. Ƙishirwar bazara da sanyin hunturu duk suna tayar da ciwo. A yawaita shayar da shi, a yi masa wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta ɗaga.

(c) Abinci. Wake da zogale da rama da gyaɗa suna nan a gida. Amma kada a sayo maganin ƙarin jini a kemis ba da izinin likita ba.

(d) Sanin alamun haɗari. Zazzaɓi, ko ɗashewar tafin hannu, ko haki, ko kumburin ciki ta gefen hagu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, duk ba sa jiran gari ya waye. A Jamaika an koya wa iyaye mata lalubar saifa da yatsu, mace-macen da kumburinta ke jawowa suka ragu.

A nan al'ada ta shigo. Uwa ce ke fara ganin alama, amma izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida, wanda ƙila yana gona, ko ya tafi cin rani. Muna ganin wajibi ne ma'aurata su yanke shawara tun kafin ciwo ya taso: wa zai ɗauki yaron, a kan babur ɗin wa, kuma wace akuya ce za a sayar.

4.0 Gudummawar Asibiti

Ba tare da kariya ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya cika shekara ashirin. Akwai na'urar da ke auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, tun daga shekara biyu, ta nuna wanda ke cikin haɗari. Binciken da aka yi kan yara 220 a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, aka buga a 2022, ya nuna ƙaramin awon maganin haidiroksiyuriya ya yi daidai da matsakaici wajen wannan kariya. Ga manomin da zai sayi magani kowane wata, wannan sauƙi ne babba. Sai dai waɗannan asibitoci a birni suke, yaron kuwa yana ƙauye.

5.0 Kammalawa

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Wannan mataki zai amfani waɗanda ba a haifa ba tukuna, musamman inda auren zumunci ya yi ƙarfi. Amma wanda yake goye a bayan uwarsa yau, buƙatarsa daban ce. Don haka muke ba da shawara a kai gwajin jarirai da magungunan kariya ƙananan asibitocin karkara, a kuma sa ungozoma da limamai da masu unguwanni cikin aikin wayar da kai. Yaron da aka gano cutarsa da wuri, aka kuma kula da shi, yana iya girma, ya yi karatu, ya riƙe gidansa.