Na'urar da ke Share Wurin Ninkaya da Kanta

A 1974 ne wani injiniya a Afirka ta Kudu, Ferdinand Chauvier, ya fito da Kreepy Krauly, na'urar da ke rarrafe a ƙarƙashin ruwa tana zuƙe ganye da yashi.

Ba ta da injin kanta, ƙarfin famfon tace ruwa ne ke tafiyar da ita. Shi ya sa haɗa ta yake son natsuwa. Ana nutsa tiyon da ke haɗa ta da famfon gaba ɗaya har iska ta fice kafin a jona shi, domin iska kaɗan tana iya tsayar da ita cak. Tsawon tiyon kuma dole ya kai lungu mafi nisa.

Idan kwandon famfo ya cushe da shara, tafiyarta takan yi sanyi, don haka a riƙa zazzage shi.