BABI NA UKU: HANYOYIN GABATAR DA DARASIN DAINASO DA BURBUSHIN HALITTU GA ƘANANAN YARA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda malamin firamare zai gabatar wa yaran Hausawa darasin dainaso da burbushin halittu. Abin da babin ya sa gaba shi ne nuna cewa darasin ya fi shiga idan an fara shi daga abin da yaro ya sani a muhallinsa, musamman da yake ƙasar Hausa da maƙwabtanta na cikin wuraren da aka tono irin waɗannan halittu.

3.1 Ma'anar Kalmomin

Burbushin halittu su ne ragowar dabba ko tsiro da suka daɗe binne a ƙasa har suka zama dutse. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan dabba ta mutu a bakin kogi, laka ko yashi ya rufe ta da wuri, sai naman ya ruɓe ya bar ƙashi. Daga nan ruwan da ke ratsa ƙasa ya riƙa shigar da ma'adinai cikin ƙofofin ƙashin sannu a hankali, har ya sandare. Ba ƙashi kaɗai ke zama haka ba, har da haƙori da ƙwai da ganye da sawun ƙafa.

Ita kuwa kalmar dainaso, wani masani ɗan Ingila mai suna Richard Owen ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1842 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙadangare mai ban tsoro. Waɗannan dabbobi sun bayyana sama da shekara miliyan 230 da suka wuce, suka kuma ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, in ban da reshe guda da ya wanzu, wato tsuntsaye.

3.2 Matsalar Dodo

Babbar matsalar da malami zai fara cin karo da ita ita ce, da zarar yaro Bahaushe ya ga hoton dainaso sai ya kira shi dodo. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin dodo ne kaɗai ƙaton abu mai manyan haƙora da ya sani daga tatsuniya. To, amma barin yaro a kan wannan fahimta yana haifar da illa biyu. Ta farko, ƙaramin yaro zai tsorata, ya zaci abin na nan a bayan gari. Ta biyu, wanda ya ɗan tasa ya riga ya gane tatsuniya ƙirƙira ce, saboda haka zai ɗauki darasin kimiyyar ma a matsayin labarin gizo da ƙoƙi. Wannan illa ta biyu ta fi muni, domin tana koya wa yaro cewa abin da ke cikin littafin makaranta bai shafi zahiri ba.

Maganin wannan shi ne malami ya nuna wa yara bambancin a fili: dodo bai bar ƙashi ba, dainaso kuwa ya bari, an kuma san inda aka tono shi.

3.3 Farawa daga Gida

Yawancin littattafan yara kan kawo misalan dainaso na Amurka, alhali akwai misalai a kusa. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar, masani Bafaranshe Philippe Taquet ya gano ƙasusuwan wani dainaso a shekarar 1965, wanda aka raɗa wa suna Ouranosaurus a 1976. Haka kuma a 1999 Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa sun sanar da wasu guda biyu. Ɗaya shi ne Nigersaurus, mai tsawon kimanin mita 9 da haƙora sama da 500, wanda ke kiwon tsirrai da kansa a sunkuye kamar saniya, kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Ɗayan kuma Jobaria ne, wanda aka samo a yankin Ingal, aka kuma ɗauko sunansa daga Jobar, wata halitta da ke cikin labaran Abzinawa. Wannan suna na da amfani ga malami, domin yana nuna cewa mutanen wurin sun daɗe da ganin ƙasusuwan kafin masana su zo. Ana iya ganin irin waɗannan ƙasusuwa a Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.

A Nijeriya ma, ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ɗauke yake da ɓawon halittun ruwa, sannan an sami ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Sai dai wajibi ne malami ya kiyaye: wannan ƙadangare ba dainaso ba ne, kamar yadda kada ma ba shi ba ne.

3.4 Ayyukan Aji

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Saboda haka ana ba da shawarar ayyuka uku da ba sa bukatar kuɗi.

Na farko, a ba kowane yaro curin yumɓu ya danna ganye ko ɓawon katantanwa a kai, a cire, a shanya. Washegari sai yara su yi musayar yumɓun, kowa ya faɗi abin da ya bar wannan alama. Da haka suke gane yadda masani ke sanin dabbar da bai taɓa gani ba.

Na biyu, a kai yara filin ƙwallo, a ce kowace mita ɗaya shekara miliyan ɗaya ce. Daga wannan raga zuwa waccan ya kusa kai wa zamanin Nigersaurus. Mita 66 ita ce ƙarshen dainaso. Ɗan'adam kuwa, wanda masana ke ƙiyasta bayyanarsa da kimanin shekara 300,000, bai wuce santimita 30 ba. Yaron da ya taka wannan tazara da ƙafarsa ba zai ƙara zaton mutum ya taɓa farautar dainaso ba.

Na uku, a kawo ƙafar kaza a aza ta kusa da hoton sawun dainaso mai cin nama, yara su ƙirga yatsu uku da ke fuskantar gaba a kowanne. Nan ne malami zai gaya musu cewa kazar gidansu daga wannan zuri'a ta fito.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa nasarar wannan darasi ta dogara ne ga raba shi da tatsuniya, da kuma jingina shi ga wuraren da yaro ya san sunansu, irin su Agadas da Goronyo. A babi na gaba za a duba kalmomin Hausa da suka dace a yi amfani da su wajen rubuta wa yara littafi a kan wannan fanni.