Kuskuren ext4: Yadda gyara ɗaya ya so ya lalata fayilolin masu amfani da Linux

Ɗan ci-ranin Adar da ke Abidjan, idan ya tura hoto gida Tahoua, ba ya tambayar inda hoton ke kwana kafin ya iso. Galibi yana kwana ne a manyan kwamfutocin da ke aiki da Linux, manhajar da ita ce kuma ginshiƙin wayoyin Android.

A cikin Linux akwai sashen da aikinsa ya yi kama da na malamin tasha: shi ke rubuta inda aka ajiye kowane kaya a kan faifan ajiya. Ɗaya daga cikin fitattun irin wannan tsari shi ne ext4, wanda aka fara dogaro da shi a Disamban 2008. Idan littafinsa ya rikice, kayan wani sai ya hau kan na wani.

Abin da ya faru ke nan a ƙarshen 2023. Jan Kara, injiniya a kamfanin SUSE, ya rubuta wani gyara ga ext4, kuma gyaran lafiya lau yake a sabon zubin Linux. Matsalar ta taso ne da aka ɗauke shi aka dasa a tsohon zubi na 6.1, aka bar wani canji da ya dogara a kansa, wanda sai a zubi na 6.5 ya shigo. Sakamakon haka, a wani nau'in rubutu kai tsaye zuwa faifai, alamar da ke nuna inda aka tsaya ta daina matsawa gaba. Sabon rubutu sai ya faɗa kan tsoho, ba tare da kwamfuta ta yi ko tari ba. Wannan shirun ne ya fi tayar da hankali, domin mai fayil ba zai gane ba sai ranar da ya buɗe.

Ranar 9 ga Disamba, masu kula da Debian suka dakatar da fitar da zubinsu na 12.3, suka gargaɗi jama'a kada su sabunta. Maganin bai buƙaci wata sabuwar dabara ba: an ƙara canjin da aka bari ne a zubi na 6.1.66. Washegari Debian 12.4 ta fito da shi.