Kujera ta uku a motar agajin gaggawa: inda ɗalibi ke koyon ceton rai da riƙon amana



A ƙasashen da aikin agajin gaggawa ya kafu, motar ɗaukar marasa lafiya kan fita da ma'aikata biyu: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana baya tare da majinyaci. Wani lokaci akan ga mutum na uku, matashi ko matashiya, sanye da rigar makaranta, yana riƙe da littafin rubutu. Wannan ɗalibi ne da ke koyon aikin, an turo shi ya bi motar domin ya ga da idonsa abin da aka karantar da shi a aji. Mun ga ya dace mu yi magana a kan wannan horo, saboda rayukan iyalanmu na iya faɗawa hannun irin waɗannan ɗalibai, kuma 'ya'yanmu na iya zama su.

Yadda aikin ya samo asali

Kula da wanda ya ji rauni tun kafin a kai shi wurin likita abu ne da tarihinmu ya sani. Sahabiya Rufaida al-Aslamiyya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, bayan kibiya ta same shi a Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira. A Turai kuwa, likitan sojan Faransa Dominik Lare ne ya shahara da ƙirƙiro kekunan doki masu sauri da ke kwaso masu rauni daga fagen fama a shekarun 1790.

Tsarin zamani ya ƙara ƙarfi ne a Amurka. Wani rahoto da Cibiyar Kimiyya ta ƙasar ta fitar a 1966 ya nuna cewa kusan rabin aikin motocin marasa lafiya yana hannun masu sana'ar jana'iza ne, don kawai su ke da motar da mutum zai iya kwanciya a ciki. A 1967 aka kafa wata ƙungiya a birnin Fitsbag wadda ta horar da baƙaƙen fata daga unguwar talakawa, ƙarƙashin kulawar Dakta Pita Safar, suka zama daga cikin ƙwararrun farko a wannan fage. A 1970 aka kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan jarrabawa da rajista. Yau mai neman matakin da suke kira EMT yakan yi karatu na kimanin sa'o'i 150, kuma makarantu da yawa ba sa sallamarsa sai ya duba marasa lafiya na gaske aƙalla 10, a cikin mota ko a sashen gaggawa na asibiti.

Ranar ɗalibi a cikin mota

Ɗalibi kan yi sa'o'i 8 zuwa 12 tare da ma'aikatan. Aikin yana farawa tun kafin a kira su: a duba tukunyar iskar oksijin ko a cike take, a ƙirga bandeji da safar hannu, a gwada na'urar tsotse majina da na'urar farfaɗo da bugun zuciya, a tabbatar gadon ɗaukar majinyaci yana kullewa. Wanda bai san inda kowane abu yake ba a lokacin natsuwa, ba zai same shi ba a lokacin firgici.

Idan kira ya zo, darasin farko shi ne kada ya ruga. Ana koya masa ya tsaya ya dubi wurin tukuna: akwai wuta, ko wayar lantarki da ta tsinke, ko man fetur da ke zuba, ko motoci masu wucewa da gudu? Mai ceto da ya ji rauni ya ƙara wa abokan aikinsa nauyi ne. Bayan haka ya sa safar hannu, ya duba abubuwan da ke kashe mutum da wuri: jini mai kwarara, toshewar hanyar iska, tsayawar numfashi, da bugun jini.

A aji ya haddace cewa zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, numfashinsa kuma sau 12 zuwa 20. Ya kuma koyi danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya: sau 30 sannan hura iska sau 2, cikin saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Amma a kan mutum-mutumin roba ya koya, a ɗaki mai haske da shiru. A cikin mota ne zai gane wahalar jin bugun jini yayin da jiniya ke kuka, mota na faɗawa ramuka, uwa kuma na kururuwa a gefe. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini ya daina kai mata, saboda haka babu lokacin buɗe littafi.

Duk da haka ɗalibi ba ya aiki da ra'ayin kansa. Akwai gogaggen ma'aikaci da ke kula da shi, kuma ba ya taɓa abin da ba a horar da shi a kai ba. A ƙarshe yakan saurari yadda ake miƙa majinyaci ga ma'aikatan asibiti da bayani gajere kuma cikakke, a rubuta rahoto, a wanke mota, sannan malamin ya zaunar da shi ya faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya gaza.

Amanar da ba a auna ta da na'ura

Babban abin da kujera ta uku ke koyarwa shi ne cewa ma'aikacin agaji yana shiga gidajen mutane a ranar da suka fi kowace rana rauni. Zai ga dattijo da mutuncinsa ya yi fitsari a kwance, zai ga mace cikin naƙuda, zai ji sirrin da ko makwabci bai sani ba. A Amurka dokar sirrin majinyata ta 1996 ta hana bayyana irin wannan, kuma akan sa ɗalibi ya sa hannu a kan alkawari kafin ya hau mota. Ɗaukar hoto ɗaya na iya jawo a kore shi. Musulmi yana da abin da ya fi takarda ƙarfi, domin suturta ɗan'uwa wajibi ne a kansa, tona asirinsa kuma ha'inci ne. Abin takaici ne yadda a titunanmu hatsari kan faru, wayoyi su riga hannaye isa wurin, har iyali su ga gawar ɗansu a WhatsApp kafin a yi musu ta'aziyya.

Ɗalibanmu kan yi tambayoyi na fiƙihu, kuma malamai sun daɗe da amsa su. Koyon abin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, kamar likitanci, farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da ita sun ɗauke wa saura, idan kowa ya bari duka sun yi laifi. Namiji ya taɓa mace ko mace ta taɓa namiji domin ceton rai ya halatta saboda lalura, amma gwargwadon buƙata: a buɗe wurin raunin kaɗai, a rufe saura, a nemi muharrami ya tsaya idan hakan ba zai jawo jinkiri ba. Wanda yake cikin salla ma, idan ya ga rai zai halaka, wajibi ne ya yanke ta ya kai ɗauki, balle wanda ke tsakiyar danna ƙirji lokacin salla ya shiga. Ya gama aikinsa, ya yi sallarsa da zarar ya samu sarari, ya kuma riƙa tafiya da tufafin canji saboda jini. Idan ajali ya riga su, ya rufe idanun mamacin, ya lulluɓe shi, ya tausasa harshe ga iyalansa. Ba a tambayar majinyaci addininsa ko ƙabilarsa kafin a taimake shi, kuma aya ta 32 a Suratul Ma'ida, wadda ta girmama raya rai, ba ta ware wani rai ta bar wani ba.

Rabonmu a wannan aiki

Ghana ta kafa hukumar motocin agajinta a 2004, bayan turmutsutsun filin wasa na Akara a watan Mayun 2001 da ya ci rayuka sama da 120, kuma tana da makarantar horar da ma'aikatan. A Nijeriya, Dokar Lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122. Sai dai mota ba ta ceton kowa idan babu horarre a cikinta, horarre kuma ba ya samuwa sai an bar shi ya koya a kan aiki.

A nan ne magidanta ke da rawar takawa. Idan motar agaji ta zo da ɗalibi, majinyaci na da ikon ya ce bai yarda ba, amma wanda ya yi haƙuri ya bar shi ya auna bugun jininsa ya taimaki duk waɗanda ɗalibin zai ceta nan gaba. Iyayen da ke ƙyamar namiji ya duba matansu da 'ya'yansu mata su sani cewa maganin wannan shi ne su bar 'yan mata su koyi aikin. Direba kuma idan ya ji jiniya ya kauce, kada ya bi bayanta don ya tsere wa cunkoso. Ƙungiyoyin 'yan agaji na masallatanmu, waɗanda ke tsare filayen Idi da wuraren tafsiri, su nemi ƙwararru su koya musu tsayar da jini da danna ƙirji.

Ɗalibin da ya zaɓi wannan hanya ya gyara niyyarsa, ya zo a kan lokaci, ya yawaita tambaya, kuma idan abin da ya gani ya hana shi barci ya faɗa wa malaminsa ko wani babba da ya amince da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare masu kai musu ɗauki, Ya sa mu dace.