Sirrin Gini na 20

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jami'ar MIT da ke Amurka ta kafa wani ginin katako mai hawa uku cikin gaggawa domin masu binciken na'urar rada. Ko suna ba a raɗa masa ba, lamba kawai aka ba shi: Gini na 20. Niyyar ita ce a rushe shi wata shida bayan yaƙi, sai ga shi ya shekara 55 a tsaye. Da zafi ba ya zaunuwa, da sanyi haka, ga yoyo. Amma a cikinsa Noam Chomsky da Morris Halle suka sauya alƙiblar ilimin harsuna, a cikinsa kuma Rainer Weiss ya yi binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2017. Me wannan gini yake da shi wanda maƙwabtansa na alfarma ba su da shi?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce haziƙai aka tara a ciki. Ba ta gamsar ba, domin ko'ina a MIT akwai haziƙai. Hasali ma ba zaɓo mutanen aka yi ba. Da ɗalibai suka cika jami'ar bayan yaƙi, duk wanda aka rasa inda za a sa shi can ake tura shi: masana harshe, injiniyoyin sauti, ɗalibai masu horon soja, har da ƙungiyar ɗalibai masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa. Waɗanda ba abin da zai haɗa su sai ga su ƙofa da ƙofa.

Wata alamar kuma tana cikin fasalin ginin. A kwance yake, dogayen baranda ne suka ratsa shi, sassansa ba su bi jerin haruffa ba, hawan ƙasa kuma sifili ake ƙirga shi. Baƙo sai ya ɓata, sai ya leƙa ofishin wani ya yi tambaya. Farfesa ma ba shi da hanyar zuwa ofis sai ta gaban ɗakin gwajin ɗalibai. Amar Bose yana ɗalibi ya riƙa leƙa ɗakin binciken sauti da ke kusa da shi, kuma a 1964 ya kafa kamfanin Bose. Wani malamin jami'ar, Thomas Allen, ya auna wannan al'amari a littafinsa na 1977, ya gano cewa idan tazarar da ke tsakanin teburan injiniyoyi biyu ta wuce kimanin mita 50, maganar aiki a tsakaninsu tana raguwa ƙwarai.

Sai dai karo a baranda gaisuwa yake haifarwa, gaisuwa kuwa ba aiki ba ce. Akwai sauran zance.

A ganina, a nan asirin yake: ba wanda ya damu da ginin. Tunda ana jiran ranar rushe shi, mai son wuce da waya sai ya huda bango da kansa, ba takarda, ba jiran izini. Jerrold Zacharias, da ya buƙaci tsawo domin aikinsa na agogon atom, daɓen hawa biyu ya cire. Malamin da ya naɗe hannun riga yana ja da waya yana buƙatar mai riƙe masa, kuma ɗalibin da ke kusa shi ne zai riƙe. Tambayar da ɗalibi ke jin nauyin yi a ofis mai sakatare a bakin ƙofa, a irin wannan hali take fitowa ba tare da ya shirya ba. Kusanci ya haɗa su, 'yancin taɓa ginin ya sa suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa.

An rushe ginin a 1998. A gurbinsa aka buɗe Cibiyar Stata a 2004, wadda Frank Gehry ya zana, da doguwar hanya a cikinta mai wuraren zama da shan shayi da allunan rubutu, domin malamai da ɗalibai su riƙa haɗuwa. Wannan ya kama rabin sirrin. Ɗaya rabin ya fi wuyar dawowa, domin ginin da ya ci kusan dala miliyan 300 ba a barin ɗalibi ya huda bangonsa.